Ajiya Sittin da Uku

A kamfaninmu ba a ɗaukar mutum aiki da takarda. Muna karɓar takardun dai, har durowa guda aka ware musu a ƙarƙashin firinta, kusa da kwalin ganyen shayi. Amma a shekara tara da na yi ina aiki da Oga, mai kamfanin, ban taɓa ganin ya buɗe ta ba. Mu goma sha ɗaya ne, a hawa na biyu na wani gini, muna rubuta manhajar da ɗakunan gwajin jini ke tura wa asibitoci sakamako da ita. Idan gurbi ya samu, Oga kan kira mutum biyu cikin waɗanda suka gama karatu, ya ba kowa laftof da kujera da matsala iri ɗaya, ya ce su nemo bakin zaren cikin mako biyu. Ranar Juma'ar ƙarshe ɗaya ya zauna, ɗaya ya kama gabansa.

A wannan karon ɗaya daga cikin biyun ɗan yayata ne.

Farfesa muke ce masa a gida tun yana aji uku, saboda gilashin idonsa da kuma ɗabi'ar gyara wa manya magana. Shekararsa biyu da gama karatun kwamfuta, yana zaune a ɗaki yana tara takardun shaida na kwasa-kwasan intanet, har sun cika wata jakar leda mai maɓalli. Ya nemi aiki wurare da yawa, masu kirki cikinsu su ne suka turo masa da ban haƙuri. Babansa yana da shagon tayal, kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya ce masa idan watan nan ya ƙare babu labari, ya zo shago ya riƙe sito, tunda mai riƙe da shi zai bar aiki. Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa kowa ya san da gaske yake. Farfesa kuwa ko warin siminti ba ya so.

Kafin a kira shi na gaya wa Oga dangantakarmu. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "To, babu ruwanki da shi. Ba ki koya masa, ba ki duba masa, ranar hukunci kuma ba ki da baki."

Na ce na ji.

Yaya ita ma ta kira ni da nata sharaɗin. "Ke dai ki riƙe min shi," in ji ta.

"Yaya, ba ni ke ɗauka ba."

"Na sani. Amma ai kina ciki."

Haka Yaya take. In ta ce ta sani, to ba ta ji ba ne.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da irin aikinmu. Duk lokacin da mai rubuta manhaja ya canza wani abu a kod, wato rubutun umarnin da manhaja ke aiki da shi, yakan adana canjin tare da ɗan bayani layi guda: abin da ya taɓa da dalilinsa. Mu a ofis ajiya muke ce wa wannan. Ajiyoyin suna jeruwa ɗaya bisa ɗaya, da rana da lokaci, su zama tarihin aikin. To wannan tarihin shi kaɗai Oga ke karantawa. Yakan ce kod mai kyau yanzu na'ura ma tana rubuta wa mutum in ya roƙe ta, abin da yake nema shi ne ya ga inda mutum ya ɓata hanya da yadda ya dawo. Ba a gaya wa 'yan gwaji wannan, don da zarar sun sani sai su koma rubuta tarihin don a gani. Duk ma'aikata mun sani, kuma babu wanda ya taɓa yin suɓutar baki.

Matsalar da aka ba su tsohuwa ce, mun daɗe muna ɗage ta. Wani lokaci sakamakon majinyaci ɗaya yakan isa asibiti sau biyu, ba kullum ba, ba kuma a kowane asibiti ba. Irin matsalar da in ka zuba mata ido sai ta ƙi faruwa.

Abokiyar gwajinsa wata yarinya ce mai yawo da littafin rubutu, har Dogo, wanda ke kula da 'yan gwaji, ya laƙaba mata Mai Littafi tun ranar farko. Ba ta da surutu. In ta yi tambaya sai ta rubuta amsar, ta karanta maka abin da ta rubuta, ta ce, "Haka ka ce?" Dogo ya ce shi dai tun da yake ba a taɓa ɗaukar maganarsa da muhimmanci haka ba, har ya fara tsoron bakinsa.

Kujerar Farfesa tana bayan tawa, muna ba juna baya. A ofis Madam yake ce min, yana faɗa da wata murya ta ma'aikacin banki, ni kuma in amsa ba tare da na juyo ba, don in na ga fuskarsa dariya za ta ƙwace min. Ban duba masa komai ba, amma kunne ba ya rufuwa. Ina jin lokacin da yatsunsa ke gudu da lokacin da suka tsaya cak. Na ji shi ranar Alhamis ɗin farko ya karɓi lambar wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji a wurin Dogo, ya kira ta, ya tambaye ta da ƙarfe nawa abin ya fi faruwa. Ta ce wajen rana tsaka, lokacin da intanet ɗinsu ke wasa. Babu wanda ya ce masa ya yi wannan kiran. Mu da muke da shekaru a wurin ma ba mu taɓa yi ba.

Ranar Larabar mako na biyu ya kama matsalar. Ashe manhajar ba ta ɗaukar cewa sakamako ya tafi sai asibiti ya amsa mata cewa ya iso. In intanet ya yanke kafin amsar ta dawo, sai ta ɗauka bai je ba, ta sake turawa. Ya sa aka riƙa ba kowane sakamako lambar da babu mai irinta, yadda ko an turo shi sau goma, ɗaya za a karɓa. Ban ji ihu ba. Na dai ji ya tura kujera baya ya yi ajiyar zuciya, ya tashi ya sha ruwa kofi biyu.

Da yamma na taso da kofin shayina zan wuce, sai na ga tarihin aikinsa a buɗe a allo. Alƙawari na yi ba zan duba ba, amma na tsaya. Ajiya sittin da uku. "Ina zargin agogon sabar ne," wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kai. Ta gaba: "Ba agogo ba ne, na mayar yadda yake." Can ƙasa: "Na ɓata komai, na koma ta jiya." Wata kuma: "Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ce da rana ne, bari in cire wayar intanet in gani." Har da wadda ya rubuta "wayyo" kawai, ta bayanta ta yi bayanin wayyon a layi uku. Na karanta tarihin 'yan gwaji sun fi ashirin a wannan ofis, ban ga mai kyan wannan ba. Daɗi ya cika ni.

Mu a gidanmu ba a yabo. Mahaifiyarmu in girkinka ya yi daɗi cewa take, "Yau dai ba a kashe mu ba." A haka muka tashi ni da Yaya, kuma ni na fi ta ɗauka. Ga kuma mutane a ofis, kowa na jiran ya ga ko Madam za ta lallaɓa ɗanta. Sai na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na ce, "Wannan tarihi ne ko bola? Mutum ya karanta wannan ai sai ya nemi maganin ciwon kai."

Mutum biyu suka yi dariya. Shi ma ya yi, ya gyara gilashi ya ce, "Za a gyara, Madam." Na wuce abina ina jin na iya raha, ban ƙara tunawa da maganar ba.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma suka miƙa aiki, suka mayar da laftof ga mai kula da kwamfutoci, aka ce su jira a ɗakin baƙi. Mu uku muka shiga ɗakin taro: Oga, Dogo, da ni da aka ce in zauna in yi shiru. Oga ya sa aka jefa tarihin Mai Littafi a babban allo. Ajiya arba'in da ɗaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Yarinyar ta gano cewa yankewar intanet ce sila, amma gyaranta bai kammala ba, kuma ba ta ɓoye ba. A ajiyar ƙarshe ta rubuta inda ta tsaya, da hanyoyi biyu da ta gwada suka ƙi, da wadda take ganin za ta yi in an ƙara mata kwana uku.

"Hm," in ji Oga. A bakinsa wannan babban yabo ne. "Kawo ɗayan."

Dogo ya danna. Layi ɗaya ya fito a tsakiyar farin allo: "An gyara matsalar tura sakamako sau biyu." Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma. Babu komai a samansa, babu komai a ƙasansa. Farfesa ya dunƙule ajiyoyin nan sittin da uku ya mayar da su ɗaya, tsaf, kamar yadda ake koya musu a yi kafin a nuna aiki ga baƙo. Ya share bolar.

Oga ya ce, "Yana aiki?"

"Yana yi," in ji Dogo. "Na cire waya sau goma ina mayarwa, sakamako ɗaya ke isa."

"Ina hanyar da ya bi?"

Dogo ya ɗaga kafaɗa. "Na ga yana zaune yana fama. Abin da ke allonsa dai ban karanta ba."

Na ce, "Ni na karanta."

Oga bai juyo ba. "Ba ki da baki."

"Ba hukunci zan yi ba, shaida zan bayar. Sittin da uku ne, na gani da idona ranar Laraba. Ni na ce masa bola ce, da wasa. Shi ya sa ya goge."

Yanzu ya juyo. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake wa kod ɗin da ya san hannun wanda ya ɓata shi. Ya ce, "In suna nan, kawo su."

Na san laftof kan riƙe sawun tsofaffin ajiyoyi na ɗan lokaci ko an dunƙule su. Na fita da sauri zuwa ɗan ɗakin mai kula da kwamfutoci a ƙarshen baranda. Na same shi yana naɗe waya, laftof biyu a gabansa a rufe, kowace da farar takarda manne a bayanta.

"Ta ɗan gwajin nan, namijin. Ka taɓa ta?"

"Tun sha ɗaya saura na wanke su duka biyun, Madam," ya ce da fara'a. "Akwai bayanan majinyata a ciki, doka ta ce kada su wuce awa guda. Ke ma kin sa hannu a dokar."

Gaskiya ne, na sa. Ni ce ma na rubuta rabinta. Mutumin nan a shekara huɗu bai taɓa gyara min linzamin kwamfuta a ranar da na kai ƙara ba, amma yau ya cika aiki kafin lokaci. Na yi masa sannu na fito.

Da na koma na tarar an shigo da Farfesa. Yana tsaye, hannuwa a baya, ya sa rigar da Yaya ta goge masa har karin hannun yana yanka. Oga ya sa shi ya yi bayanin gyaran, ya yi, babu tuntuɓe. Ya tambaye shi me ya fara zargi, ya ce agogon sabar. Me ya biyo baya? Ya faɗi biyu, ya tsaya, ya ce sauran sun cakuɗe masa.

"Me ya sa ajiya ɗaya?" in ji Oga.

"Na tsabtace ne, ranka ya daɗe. Kada in ɓata maka lokaci."

"Wani ya ce ka yi?"

Bai kalle ni ba. "A'a. Ni na ga ya dace."

Oga ya sallame shi. Bayan ƙofa ta rufe ya cire gilashi ya ajiye a tebur. Ya ce min, "Na yarda da ke. Na yarda shi ya yi, kuma kansa yana ja. Amma ban karanta ba. In na ɗauke shi a kan bakin ƙanwar uwarsa, me zan ce wa yarinyar can da ta ajiye min komai a gabana?"

"Ka ba shi wani makon."

"Gurbi ɗaya ne, kuma ƙa'ida ɗaya na ba su." Ya mayar da gilashin. "Wanda zai taɓa wurin nan baɗi, ta ina zai san hanyoyin da aka bi ba su ɓulle ba? Sai ya sake bin su daga farko. Sannan akwai wani abu. Dariya aka yi masa ya share sawunsa. Mu da jinin mutane muke aiki. Ranar da ya yi kuskure na gaske, ina so in san zai bar min shi inda zan gani."

"Yaro ne. Maganata ya ji."

"Na sani," in ji Oga. Shi in ya ce ya sani, ya sani ɗin ne. Ya ce wa Dogo ya kira Mai Littafi.

Da aka tashi na ce Farfesa ya shigo in sauke shi. Ya zauna a gaba, jakar takardunsa a cinya. Ya zo da ita ko za a tambaya, ba a tambaya ba. Hanya ta cushe kamar kowace Juma'a. Mun wuce fitilar hanya biyu, na'urar sanyaya mota da ta daɗe tana neman gyara tana ta ƙara.

A fitila ta uku na gaya masa. Na gaya masa abin da Oga ke karantawa, da cewa duk ofis an sani, ni ma na sani tun kafin ya zo. Na gaya masa tarihinsa ya fi na kowa da na taɓa gani, kuma da ya bar shi yadda yake, da yanzu shi ke da kujerar. Ban ƙawata maganar ba, ban kuma nemi ya ce ba komai ba. Kunya nake ji, mai nauyi, irin wadda ban ji ba tun ina yarinya.

Ya daɗe yana kallon motar da ke gabanmu.

"Kin san shi yake dubawa, Anti?"

"Na sani."

"Kuma ya yi kyau."

"Ya yi kyau ƙwarai."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na zata kunya na ba ki. Da kika faɗa a gaban mutane, na ce to, Anti ba za ta iya gaya min kai tsaye ba, shi ne ta bi ta nan don ta taimake ni. Har daɗi na ji." Ya ɗan yi murmushi. "Awa biyu na yi ina koyon yadda ake dunƙule su ba tare da na ɓata aikin ba."

Na ce zan yi magana da wasu da na sani a wasu kamfanoni, ya ce to. Na ce zan roƙi babansa ya ƙara masa wata guda, ya ce kada in yi, Baba ya riga ya gaya wa mai sito ranar da zai miƙa makulli. Duk a natse yake magana, kamar mai karanta labarin wani.

Muka shiga layinsu. Tun daga nesa na hango Yaya a bakin ƙofa, ta fito da sunan shanya, babu komai a hannunta. Na rage gudu.

"Bari in shiga in gaya mata da bakina," na ce.

"A'a." Ya juyo ya kalle ni, karo na farko tun da muka baro ofis. "Zan ce yarinyar ta fi ni, ai ba ƙarya ba ne sosai. Kada ki faɗa wa Umma, Anti. Kin san ta, za ta daina yi miki magana, kuma ba ta da wata 'yar'uwa sai ke."

Na tsayar da mota. Ya fita, ya rufe ƙofar a hankali. Yaya ta dubi fuskarsa ta gane, ta dafa kafaɗarsa ya wuce ciki. Sannan ta zagayo ta wajen tagata ta sunkuyo.

"Ba rabonsa ba ne," ta ce. "Na san kin yi iya ƙoƙarinki. Allah ya saka miki."

Na ce amin.